Magungunan gargajiyar Sin na toshewar hanci: wane hanci, wane magani, giram nawa

Idan ka shiga kantin maganin gargajiya a ƙasar Sin ka ce hancinka ya toshe, mai maganin da ya san aikinsa ba zai miƙo maka komai ba sai ya gama yi maka tambayoyi. Majinar ruwa-ruwa ce ko mai kauri? Fara ce ko rawaya? Sanyi kake ji ko ƙishirwa? Atishawar da safe take zuwa ko wuni take yi? Daga nan ya ce ka fito da harshenka ya duba. Amsoshin nan su ne ke raba magani da magani, domin a wurin Sinawa babu wani abu guda ɗaya mai suna maganin toshewar hanci. Fatakenmu da ke zuwa Guangzhou kan dawo da kwalaben ƙwayoyi da ƙunshin saiwoyi su raba wa dangi, kowa ya sha iri ɗaya, kuma a nan ne matsalar take farawa: maganin da zai buɗe wa wannan hanci shi ne zai sa wancan haɓo.

Likitancin Sin ya daɗe da raba ciwon hanci gida-gida. Akwai toshewar da mura ke kawowa ta tafi cikin mako guda. Akwai wadda suke kira biqiu, wato atishawa a jere, ƙaiƙayi da majina kamar ruwa, abin da asibiti ke kira alaji, jiki bai jitu da ƙura ko garin furanni ko gashin dabba ba. Akwai biyuan, majina mai kauri mai wari da ciwon goshi, alamar ciwo ya shiga kogunan ƙashin fuska. Sunayen nan biyu tun a tsohon littafin likitancinsu, Huangdi Neijing, suka bayyana. Sai kuma bushewar hanci, wadda ita ce aka fi mantawa da ita. A kan wannan rabon suke ɗora wani: sanyi ne ko zafi. Majina fara mai ruwa, harshe fari-fari, mutum na son lulluɓa, wannan sanyi ne. Majina rawaya ko kore-kore mai yauƙi, harshe ja mai rawayan shimfiɗa, baki na bushewa, wannan zafi ne.

Haɗin da ya fi kowanne suna a wannan fage shi ne Cang Er Zi San, wanda likita Yan Yonghe ya rubuta a littafinsa Ji Sheng Fang a shekarar 1253, zamanin daular Song. Abubuwa huɗu ne kacal a ciki. Na farko Cang Er Zi, 'ya'yan wata ciyawa ce mai ƙaya, Xanthium a sunan kimiyya. Na biyu Xin Yi, tohon furen bishiyar magnoliya da ake tsinka a ƙarshen sanyi kafin ya buɗe. Gundumar Nanzhao a lardin Henan ta yi fice wajen nomansa. Na uku Bai Zhi, farar saiwa mai ƙamshi mai ƙarfi, wadda suke ba mai ciwon goshi da tsakanin gira. Na huɗu Bo He, na'a-na'ar Sin.

Abin lura a tsohon rubutun shi ne rabon awon. Idan aka mayar da shi lissafi mai sauƙi, Bai Zhi kashi 20 ne, Xin Yi kashi 10, Cang Er Zi kashi 5, Bo He kashi 1. Daka su ake yi su zama gari, a sha kimanin giram 6 bayan cin abinci, a kora da ruwan shayi da aka dafa da albasa mai lawashi. Ke nan Cang Er Zi da mutum zai haɗiya a sha ɗaya bai cika giram 1 ba, duk da cewa sunansa haɗin yake ɗauke da shi. A ganina mai littafin ya san abin da yake yi, domin a cikin huɗun nan shi ne mai guba.

Yau an fi dafa haɗin a sha ruwansa. Kundin Magunguna na ƙasar Sin ya kayyade wa babban mutum a rana guda: Cang Er Zi giram 3 zuwa 10, Xin Yi giram 3 zuwa 10, Bai Zhi giram 3 zuwa 10, Bo He giram 3 zuwa 6. Awon da likitoci kan fara da shi bai wuce giram 6 na Cang Er Zi, 6 na Xin Yi, 9 na Bai Zhi, da 3 zuwa 6 na Bo He ba. Da sikeli ake awon nan, ƙaramin sikelin da ke nuna giram ɗaya-ɗaya. Cokali da tafin hannu ba sa aiki a nan, saboda saiwa da ganye da toho nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Dahuwar ma tana da ƙa'ida, kuma mafi yawan masu cewa sun sha bai yi musu komai ba a tukunya suka kashe maganin. A samu tukunyar ƙasa mai tsabta, ko ta gilashi, ko ta ƙarfe marar tsatsa. A guji ta baƙin ƙarfe da ta dalma, domin sinadaran saiwoyin na iya haɗuwa da ƙarfen su canza. A ɗan farfasa Xin Yi a ɗaure shi cikin ƙyallen auduga, saboda jikinsa cike yake da gashi mai laushi, wanda idan ya zube a ruwa zai maƙale a maƙogwaro ya tayar da tari. A zuba shi da Cang Er Zi da Bai Zhi a tukunya, a ƙara ruwan sanyi ya sha kansu da kamar santimita 2 zuwa 3, a bar su su jiƙa minti 20 zuwa 30. A ɗora a wuta mai ƙarfi, da zarar ya tafasa a rage, a rufe tukunyar, a ba shi minti 10 zuwa 15. Bo He sai saura minti 5 a sauke ake jefa shi. Dalili kuwa, ƙarfin waɗannan magunguna yana cikin mai ne mai tashi da tururi. Idan gida ya gume da ƙamshi tsawon sa'a guda, to maganin yana cikin iska, abin da ya rage a tukunya ruwa ne mai ɗaci. A tace, a sake zuba ruwa kaɗan a kan tukar a tafasa minti 10, a haɗa ruwan farko da na biyu, a raba biyu, kimanin mililita 150 zuwa 200 safe da yamma, da ɗumi, bayan an ci abinci. Kafin ya huce a iya sunkuyawa a yi sirace da tururinsa na minti biyar, fuska nesa da kofin yadda ba zai ƙona ba. Yara ƙanana kam ba a yi musu sirace da ruwan zafi, ƙonewa ta fi amfanin yawa.

Kwana uku zuwa bakwai ake sha. Idan ba a ga sauƙi ba, ƙara awo ba shi ne mafita ba, ganewar ce ta kuskure.

Yanzu mu tsaya a kan Cang Er Zi, don shi ne ya fi kai mutane asibiti. A cikin ƙwayarsa akwai gubobi biyu, atractyloside da carboxyatractyloside, waɗanda ke hana ƙwayoyin halittar jiki samar da kuzari. Hanta da ƙoda su ne ke fara ɗanɗanawa, sukarin jini kuma ya faɗi ƙasa. Shi ya sa ba a shan ɗanye. Wanda ake sayarwa don sha an soya shi a busasshen kasko har ya yi ruwan ƙasa-ƙasa mai rawaya, an murje ƙayoyinsa. Zafin ne ke rage gubar. Idan ka ga ƙwayar kore-kore ce, ƙayoyinta masu lanƙwasa na nan cif suna kama tufafi, wannan ɗanye ne, kada ya shiga tukunyarka. Littattafan Sin suna gargaɗin cewa fiye da giram 30 na iya sa babban mutum guba, yaro kuwa 'yan ƙwayoyi kaɗan sun isa. Shan ƙaramin awo wata da watanni shi ma yana cutar da hanta a hankali. Alamomin ba lallai su zo nan take ba, wani lokaci sai bayan kwana ɗaya zuwa uku: ciwon kai, tashin zuciya, amai, ciwon ciki, kasala, daga baya idanu su yi rawaya irin na shawara, fitsari ya ragu, har a kai ga jijjiga da suma. Tsiron ciyawar ya fi 'ya'yan muni. A shekarar 2007 a yankin Sylhet na Bangladesh, lokacin da ambaliya ta jawo ƙarancin abinci, mutum 76 suka kamu da rashin lafiya bayan cin ƙananan tsironta, 19 suka rasu, yawancinsu yara. Ƙwayar ta yi kama da ƙashin yawo da muka sani, amma ba ita ba ce, kuma kada kowa ya shiga jeji ya tsinko mai kama ya ce ya samu. Mai ciwon hanta ko ƙoda, mai juna biyu, da mai shan maganin sukari su bar shi kwata-kwata.

Akwai wata dabarar gida da ta yaɗu a Sin, ta soya Cang Er Zi a man riɗi a riƙa shafawa cikin hanci. Ba na son ta. Mai da ake ɗigawa a hanci kullum yana iya gangarawa huhu a lokacin barci ya taru ya haddasa kumburi, musamman ga yara da tsofaffi.

Idan majinar ta koma rawaya mai kauri, Cang Er Zi San shi kaɗai ya yi ɗumi da yawa. Sai a ƙara masu sanyaya jiki, irin su Huang Qin giram 6 zuwa 9, ko Yu Xing Cao giram 15 da ake sakawa kusa da saukewa. Akwai kuma cikakken haɗi na wannan hali, Xin Yi Qing Fei Yin, daga littafin likita Chen Shigong na 1617. Masu sanyin nan suna da nasu aibin: mai raunin ciki kan yi gudawa ko ya rasa sha'awar abinci idan ya daɗe a kansu.

Ga wanda hancinsa ke zuba kamar famfo, atishawa goma a jere da ya tashi daga barci, hannu da ƙafa sanyi, haɗin da aka fi ambata shi ne Xiao Qing Long Tang, daga littafin Shang Han Lun na Zhang Zhongjing, wajen shekara ta 200 Miladiyya. Abubuwa takwas ne: Ma Huang, Gui Zhi wato ƙananan rassan kirfa, Bai Shao, busasshiyar citta, Xi Xin, Wu Wei Zi, Ban Xia da aka sarrafa, da saiwar Gan Cao mai zaƙi. A Japan likitocin asibiti na rubuta shi a matsayin garin magani, kamfanin Tsumura na sayar da shi da lamba 19, inshorar lafiya na biya, kuma an yi masa gwaji a 1995 wanda ya nuna ya fi garin gwaji marar magani a ciki rage atishawa da yoyon hanci. Yana aiki da sauri, kuma ba abin mamaki ba ne, domin Ma Huang shi ne tushen efedirin, sinadarin da masanin Japan Nagai Nagayoshi ya fara cirewa daga ciyawar a 1885. Ɗan'uwansa sudo'efedirin na cikin ƙwayoyin mura da yawa da ake sayarwa a kemis. Yana matse jijiyoyin jinin da suka kumbura a cikin hanci, iska ta samu hanya. Amma ba na hanci kaɗai yake matsewa ba. Yana ɗaga hawan jini, ya sa zuciya bugu da sauri, ya hana barci, ya tsayar da fitsarin dattijon da dama fitsari ke yi masa wuyar fita, ya tsananta hawan jinin ido. Saboda irin wannan ne Amurka ta haramta shi a cikin kayan ƙarin kuzari da rage ƙiba a 2004. Kundin Sin ya tsayar da shi a giram 2 zuwa 10, tsohon littafin kuma ya ce a fara dafa shi shi kaɗai a kwashe kumfar da ta taso kafin a zuba sauran. Wanda ya haɗa wannan da ƙwayar mura ta kemis ya ninka wa kansa awo bai sani ba.

Xi Xin kuma yana da tsohuwar doka a bakin masu magani, cewa kada ya wuce qian ɗaya, wato kimanin giram 3. Kundin ya ce giram 1 zuwa 3 a dahuwa, rabin giram zuwa 1 idan gari ne. Danginsa na ɗauke da asid ɗin aristolochic, mai lalata ƙoda da jawo kansar mafitsara. Wannan gubar ce ta lalata ƙodar mata fiye da 100 a Beljiyam a farkon shekarun 1990, bayan an musanya wata saiwa da wata a haɗin rage ƙiba. Ganye da karan Xi Xin sun fi saiwar ɗauke da ita, shi ya sa tun 2005 Kundin ya amince da saiwa kawai. Ƙunshin da ka ga ganye a ciki, mayar da shi. Gan Cao ma da ake raina wa, idan aka daɗe ana sha yana riƙe ruwa a jiki, ƙafa ta kumbura, jini ya hau, sinadarin fotashiyam na jini ya ragu. Duk wanda ya fahimci waɗannan ba zai haɗa Xiao Qing Long Tang da kansa a gida ba. Aikin likita ne, kuma na 'yan kwanaki ne.

Wanda na fi natsuwa da shi shi ne Yu Ping Feng San. Saiwoyi uku ne: Huang Qi, Bai Zhu da Fang Feng. A garin da masana'antu ke yi bisa Kundin, rabon kashi 3 ne da 1 da 1, ana shan ƙullin giram 5 sau uku a rana. Mai dafawa kan sa Huang Qi giram 15, Bai Zhu 9 ko 10, Fang Feng 6, kuma wannan karon dahuwa mai tsawo ake so, minti 40 zuwa sa'a guda a ƙaramar wuta, tunda saiwoyi ne masu tauri. Na mutumin da ke yawan kamuwa da mura ne, mai zufa ba tare da aiki ba, mai gudun iska, wanda alajinsa ke dawowa duk shekara a lokaci guda. Ba ya buɗe hanci yau-yau. Ana fara shi makonni kafin lokacin da ciwon ya saba zuwa, a ci gaba wata ɗaya ko biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne shan sa ana tsakiyar zazzaɓi da majina rawaya, ko ga mai zufar dare da bushewar baki. A irin wannan hali ƙara nauyi yake yi. Mai shan maganin danne garkuwar jiki, kamar wanda aka yi wa dashen ƙoda, kada ya taɓa Huang Qi sai da izinin likitansa. Gwaje-gwajen da aka yi a kansa da yawa ƙanana ne, tsarinsu ba mai ƙarfi ba, sai dai galibinsu sun nuna amfani idan aka haɗa shi da maganin asibiti.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Cang Er Zi, Xin Yi, Bai Zhi da Xi Xin duk masu ɗumi ne masu busarwa, an tsara su ne don hanci mai jiƙe. Toshewar da hunturu ke kawo mana sau da yawa akasin haka ce: iska ta bushe, ƙura ta cika gari, cikin hanci ya tsage ya yi ɓawo, a fyace a ga ɗigon jini. Mai wannan hali idan ya sha waɗancan, haɓo da zafin maƙogwaro zai ƙara samu. Likitan Sin da kansa masu jiƙawa zai ba shi, irin su Mai Men Dong da Sha Shen da ganyen Sang Ye. Mafi sauƙi ma shi ne wanke hanci da ruwan gishiri: giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, safe da dare, a zubar da ragowar bayan kwana guda. Bai Zhi kuma yana sa fatar wasu ta ƙi jure rana, abin da ya kamata mai wuni a gona ko kan babur ya sani. Bo He kuwa sanyin da yake sawa ne ke sa a ji kamar iska na wucewa, kumburin na nan yadda yake.

Ƙwayoyin kwalba su ne suka fi isowa hannun mutanenmu, don haka a karanta jikinsu, ko a sa wayar hannu ta fassara rubutun. Bi Yan Kang, ɗaya daga cikin sanannu, ba tsantsar ganye ba ne. Kowace ƙwaya na ɗauke da miligiram 1 na kulofeniramin, sinadarin da ke cikin Piriton, kuma huɗu ake sha a lokaci guda, daidai da ƙwayar Piriton ɗaya ke nan. Direban da ya sha ya hau hanya zai yi gyangyaɗi. Akwai Ma Huang a ciki, akwai Cang Er Zi, akwai kuma garin maɗaciyar alade. Huo Dan Wan, wanda ake sha don majina mai wari, abu biyu ne kawai, ganyen Huo Xiang da garin maɗaciyar alade. Musulmin da ke son kiyayewa ya nemi harafin 猪 a jerin kayan haɗin, shi ne alade.

Mai sayen saiwoyin kansu, a kasuwar Qingping ta Guangzhou ko babbar kasuwar Bozhou a lardin Anhui, ya yi aiki da ido da hanci. Xin Yi mai kyau a rufe yake ruf, gashinsa na sheƙi, idan ka fasa ƙamshi ya daki hancinka; wanda ya fara buɗewa ko aka cika shi da ƙirare ya rage daraja. Bai Zhi da ya yi fari fat yana warin tsami an turara shi da farar wuta don ya daɗe, turaren kuma na cinye sinadaran da ake nema a cikinsa. Bo He ya zama kore mai yawan ganye. A ajiye su a kwalba mai murfi nesa da rana, domin damina ɗaya ta isa su yi fumfuna.

Akwai toshewar da babu saiwar da za ta buɗe. Wanda ya saba da feshin hanci irin su Otrivin fiye da mako guda, feshin ne da kansa ke mayar da kumburin duk lokacin da ya sake shi, sai an yaye shi a hankali. Tsiron nama a cikin hanci da karkacewar guringuntsin da ya raba ƙofofin biyu sai likitan hanci ya leƙa ya gani. Yaron da ƙofa ɗaya ke fitar da majina mai wari, a fara zargin ƙwayar wake ko dutsen ado da ya cusa. Idan ƙaramin batirin agogo ne, nan take za a kai yaron asibiti, don cikin sa'o'i batirin yake cinye nama. Babban mutum mai toshewar gefe ɗaya da jini-jini na makonni, ko wanda majinarsa ta wuce kwana 10 tana ƙaruwa, ya je a duba shi. Kumburin kewayen ido, gani biyu-biyu, ko zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya, musamman a watannin zafi da sanƙarau ke yawo, waɗannan na asibiti ne a wannan daren, kuma a tafi da kwalbar ko ƙunshin duk abin da aka sha don likita ya gani.